Matan da rikici ya raba da gidajensu: da me za a fara?

Malama, kin tambayi yadda za ki taimaki zawarawan da rikicin Filato ya kora su samu abin dogaro da kai. Kada ki fara da rabon keken ɗinki. Mace mai yunwa a gida sayar da shi za ta yi, kuma ba laifinta ba ne.

Fara da adashi. Ki haɗa mata 15 zuwa 25, Musulmi da Kirista idan unguwar za ta ɗauka, su riƙa zubi duk mako. Akwatin kuɗi ya zama mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, a ƙirga kuɗin a gaban kowa. Daga akwatin za a riƙa ba su rance, amma kada ya wuce ninki uku na abin da mace ta tara, ta biya cikin wata uku. A ware ɗan asusu na rashin lafiya da rasuwa, in ba haka ba jari ne zai tafi asibiti.

Sana'a kuwa, kasuwa za ta faɗa miki. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli na saurin juyawa. Amma in kika koya wa mata ashirin sabulun ruwa a unguwa ɗaya, junansu za su karya wa farashi.