Zanin gadon amarya a sanyin Jos: wanne za a saya, yaya za a kula da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata za ta tare a Unguwar Rogo a nan Jos cikin watan Disamba, ina haɗa mata kayan ɗaki. Zannuwan gadon da na saya wa yayarta bara masu sheƙi ne masu tsada, amma kafin a je ko'ina sun koɗe, jikinsu ya yi ƙulle-ƙulle, ga shi ba sa rufe katifa. Wane iri zan saya wannan karon, kuma yaya za ta kula da shi ya daɗe? Daga wata uwa a Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya.

Abin da ya faru da zannuwan yayarta, yawanci aiki biyu ne aka ɗora wa zani ɗaya. Akwai zanin da ake kwanciya a kai, wanda ke taɓa jiki yana shan gumi da man shafawa, akwai kuma shimfiɗar ado da ake rufe gado da ita da rana. Mai sheƙin nan na ado ne. Idan aka riƙa kwana a kansa ana wanke shi duk mako, dole ya mutu da wuri, komai tsadarsa.

Na kwanciya ya zama na auduga. Auduga tana tsotse gumi, tana barin iska ta ratsa, kuma tana ƙara laushi da wanki. Yadin roba kuwa, wanda ake kira foliyesta, yana riƙe zafi, zaruruwansa su ne ke tashi su dunƙule su yi ƙulle-ƙullen da kika gani. A lokacin hunturu ma, da iska ta bushe, shi ne ke manne wa jiki yana ƙaras-ƙaras idan aka yaye shi cikin dare. Kada rubutun jikin leda ya ruɗe ki, don ba duk abin da aka rubuta masa auduga zalla ne yake haka ba. Ki nemi mai kaya ya buɗe miki. Ki damƙe gefe ɗaya a hannu ki sake: auduga za ta yamutse, roba za ta miƙe kamar ba a taɓa ta ba. Ki ɗaga shi ga haske, idan kina hango mutane ta cikinsa saƙar ba ta da ƙarfi. Ki goga farin hankici mai ɗan laima a kai, in ya ɗauko launi to zai zuba a wankin farko. In kuma yadi za ki yanko a ɗinka miki, ki zare ɗan zare ki ƙyasta masa ashana. Auduga tana ci da warin takarda ta bar toka mai laushi, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. Wannan gwajin ya fi kowanne tabbas.

Za ki ga an buga lamba a jikin wasu, 200, 400, har 1,000. Adadin zaren da ke cikin kowane murabba'in inci ne na saƙar. Tsakanin 200 zuwa 400 na auduga mai kyau ya wadatar. Manyan lambobin nan sau da yawa silin da aka murɗe cikin zare ɗaya ake ƙirgawa daban-daban, ba zan ba ki shawarar ƙara kuɗi saboda su ba.

Maganar rashin rufe katifa kuwa, awo ne ba a yi ba. Mutane suna cewa gado shida-da-shida su tsaya a nan, sun manta da kaurin katifa. Ƙafa 6 inci 72 ne. Idan kaurin katifar inci 10 ne, ki ƙara 10 ta kowane gefe, ya zama 92, sannan a bar inci 6 ta kowane gefe na cusawa ƙarƙashi, ya kai 104. Auduga kuma tana ɗan tsukewa a wankin farko, don haka gara ya yi yawa da ya gaza. Ki fara sanin katifar da za a sa mata kafin ki shiga kasuwar Taminus. Shimfiɗar ado ita kuma a auna daga saman katifa zuwa inda ake so ta sauka, amma kada ta ja ƙasa ta riƙa kwasar ƙura.

Jos tana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,200, a Disamba da Janairu sanyin wasu darare yakan sauko kusa da digiri 10, saboda haka bargo ba abin sakaci ba ne. Sai dai ki sayi wanda ke da riga mai zif ko maɓalli, a riƙa cire rigar ana wankewa. Bargo mai kauri da aka jiƙa a watan Yuli ko Agusta a garin nan zai iya kwanaki bai bushe ba, cikinsa ya yi fumfuna da wari. Manyan barguna a wanke su da rani. A ganina zannuwan auduga uku masu kyau da rigunan filo, shimfiɗar ado ɗaya da bargo ɗaya sun fi akwati cike da masu sheƙi amfani a ɗakinta.

Game da wanki, sabon zani a wanke shi shi kaɗai kafin a kwanta a kai. Bayan haka duk mako, ko kwana goma in sanyi ya yi yawa. Rigar filo ta fi saurin datti saboda man kitso. A juya cikinsa waje, a narkar da garin sabulu a ruwa tukuna, kada a zuba shi kai tsaye a kan zani don yana barin dabbare-dabbare. Kada a jiƙa mai launi ya kwana a ruwa, kuma Hypo na farin auduga ne kawai. A ɗauraye sosai, domin ragowar sabulu ne ke sa zani ya yi tauri har ya jawo ƙaiƙayi. Fari a shanya shi a rana, mai launi a inuwa mai iska, rana ce babbar mai koɗar da shi. Shimfiɗar ado mai duwatsu ko aikin sirfani a wanke ta da hannu cikin ruwan sanyi, ba murɗawa, a goge ta ta baya da dutsen guga mara zafi sosai.

In kin samu mai kyau a gwanjon kasuwar Katako, babu laifi, wasunsu audugarsu ta fi ta sababbi. Amma a duba ɗinkin gefe-gefe saboda kuɗin cizo, a wanke da ruwa mai zafin digiri 60 ko fiye, a goge da dutsen guga kafin ya hau gado.

Wajen ajiya, ta tabbata zanin ya bushe ƙarau kafin ta ninke, kuma kada ta ɗaure shi cikin leda da damina. Turaren wuta a turara daga nesa, don hayaƙi da mai suna ɓata farin zani. Ki ja mata kunne kuma a kan ƙwayar kafur da ake jefawa cikin akwati. Idan Allah ya kawo haihuwa, kada a shimfiɗa wa jariri zanin da ya sha kafur, domin sinadarin da ke cikinsa yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jinin wasu jarirai ya jawo musu shawara mai tsanani. Duk zanin da aka ajiye da shi a wanke shi tas, a shanya a iska kafin jariri ya kwanta a kai, kayan jaririn kuwa kada a ajiye su da kafur ko kaɗan.