Sunan Jariri a Kan Tawul

Tambaya: Hajiya, ina rubuta sunayen jarirai a tawul da keken surfani na kwamfuta don kyautar suna, amma haruffan suna nutsewa cikin gashin tawul. Ina mafita?

Amsa: 'Yar'uwa, ki shimfiɗa takardar ƙarfafa yadi a ƙasa, sannan ki ɗora siririyar leda mai narkewa a ruwa a sama, domin ita ce take danne gashin har allura ta gama aikinta. Kada tsayin harafi ya gaza milimita 6. Abin da ya fi damuna shi ne ɗ, ƙ da ɓ, waɗanda yawancin kekuna ba su zo da su ba. Ki sa mai tsara zane ya yi miki su a fayil ɗin PES, wato irin fayil ɗin zanen surfani da keken yake karantawa, idan kekenki na kamfanin Brother ne, kada Ɗanladi ya koma Danladi.