Za mu je gandun daji da yara: ana iya sauka daga mota a ɗauki hoto?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin ɗaukar iyalina a mota mu je wani babban gandun daji lokacin hutun makaranta. Yaranmu uku ne, ƙaramar shekararta 4. Wani abokina ya ce kwana ɗaya ya isa mu zagaye shi, kuma wai namun da ke ciki sun saba da mutane, ana sauka a tsaya kusa da su a ɗauki hoto. Maiɗakina ta ce in haka ne ita da 'ya'yanta ba inda za su. Ni ma hankalina bai kwanta ba. Yaya zan tsara tafiyar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Maiɗakinka ta fi abokinka gaskiya, amma a je tafiyar, kada a fasa.

Batun kwana ɗaya ba mai yiwuwa ba ne. Ɗauki Kruger na Afirka ta Kudu: daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 360 ne, doka kuma ba ta yarda ka wuce gudun kilomita 50 a sa'a a kan kwalta ba, 40 a kan burji. Da tsaye-tsayen kallo, akan lissafa kilomita 25 a sa'a. Yellowstone na Amurka kuwa faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, kuma ana rufe yawancin titunansa daga farkon Nuwamba har zuwa Afrilu saboda dusar ƙanƙara. Saboda haka zaɓi ɓangare ɗaya, kama masauki a ciki tun da sauran watanni, ku yi kwana uku ko huɗu. Ku fita da asuba, ku dawo yara su huta da rana, ku sake fita da la'asar sakaliya; lokutan da namun ke yawo ke nan. San lokacin rufe ƙofa, domin wanda ya makara tara ake cin sa. Cika tanki duk inda ka ga gidan mai, duba safayar taya da jak, riƙe taswirar takarda don sabis ɗin waya yakan ɗauke. Idan yankin na da sauro, kamar Kruger, ga likita kafin tafiya saboda zazzaɓin cizon sauro, musamman don ƙaramar.

Yanzu ga maganar da ta fi ci mini rai, wai namun sun saba da mutane. Kullum sai na ji ta, kuma ita ce ke kai mutane asibiti. Abin da dabbar ta saba da shi mota ce. Zaki ya ga dubban motoci sun wuce ba su taɓa shi ba, ba su kuma yi masa kama da abinci ba, shi ya sa yake kwance gefen titi yana hamma. Da zarar ka buɗe ƙofa ka miƙe tsaye, ko yaro ya leƙo da kai da kafaɗa ta taga, siffar ta canza, ya ga mutum. Ƙaramin yaro mai ihu da guje-guje kuwa ya fi kowa jan hankalin mai farauta. A 2015 zakanya ta kashe wata Ba'amurkiya a wani wurin kallon zakuna kusa da Johannesburg, tana zaune cikin mota. Gilashi kawai ta sauke don ɗaukar hoto.

Mutane kuma sun ɗauka masu cin nama ne kaɗai abin tsoro. Ganin kitse ake yi wa rogo. A Yellowstone dabbar da ta fi kowace raunata mutane ita ce bison, ɓaunan Amurkan nan mai cin ciyawa da za ka gan shi tsaye kamar ba ya iya motsi. Namijinsa yakan kai kilo 900, gudunsa ya ninka na mutum sau uku. Shi ya sa dokar wurin ta ce a bar tazarar mita 23 tsakaninka da shi, mita 91 tsakaninka da beyar ko kerkeci. A Kruger ma ba maganar tazara ake ba: ba a sauka daga mota sam, sai a wuraren da aka keɓe. Idan ka ga toron giwa ruwa na gangaro masa a gefen fuska tsakanin ido da kunne, fitsari na ɗiga a ƙafafunsa na baya, to yana cikin lokacin da ba ya jin kira. Ja da baya tun da nisa, kada ka danna hon, kada ka shiga tsakanin uwa da ɗanta. A ƙarshen 2013 wani toro ya kifar da motar masu yawon buɗe ido da suka bi bayansa kurkusa, aka kuma harbe shi.

To a nan ne abin ke ƙona ni. Mutum ya yi ganganci, dabba ta biya da ranta. A 2016 wasu baƙi a Yellowstone suka ga jaririn bison, suka ce sanyi yake ji, suka saka shi a bayan mota suka kai wa jami'ai. Garken ya ƙi karɓarsa, dole aka kashe shi. Haka birin da aka saba miƙa wa abinci ta taga: gobe ya fara fizge daga hannun yara, jibi a harbe shi. Amma ka buɗe Facebook ko TikTok, sai bidiyon wani yana shafa kan dabba ana yi masa tafi. Wanda aka kwasa a motar asibiti ba ya ɗora nasa. Har da wasu masu rakiya marasa lasisi da ke matsawa da mota har gindin giwa don a ƙara musu na goro. In ka haɗu da irinsu, ce masa ya ja baya, ko da ran sauran fasinjoji zai ɓaci.

Kafin ku shiga ƙofa, tsaya ka yi wa yaran magana: ba ihu, ba fitar da hannu, ba jefa abinci. Danna makullin yara na ƙofofin baya, ka riƙe maɓallin gilashi a wurinka. Kowa ya zaga banɗaki kafin a tashi daga masauki, ka kuma yi wa wuraren hutawa alama a taswira, domin "Baba fitsari nake ji" shi ne dalilin da ya fi sa iyaye buɗe ƙofa a inda bai kamata ba; ajiye fo a mota saboda ƙaramar. Idan taya ta yi faci ko mota ta mutu, ku zauna ciki, ka kira lambar gandun da ke jikin takardar shigarka, in babu sabis ka tsayar da motar da ta biyo baya ta kai saƙo. Hoto kuma, samo tabarau mai jawo nesa kusa, da kuma kyamara mai zuƙowa, ka ba maiɗakinka kujerar da ta fi ganin waje.