Awarwaron da ke kai taɓawa daga nesa: yana karya alwala?

Tambaya: Allah gafarta Malam, maigidana yana aiki a Jidda, ni ina Gusau. Ya aiko min da wani awarwaro, shi ma yana da irinsa. In ya dafa nasa, sai nawa ya ɗan girgiza a hannuna. Wannan yana karya alwala? Sannan ƙanwata da aka sa wa rana tana so saurayinta ya saya musu.

Amsa: Da sunan Allah. Malama, sai da na sa wani ɗalibina ya nuna min yadda abin yake kafin na ɗauki alƙalami. Awarwaron yana haɗe da waya ta Bluetooth, wayar ta tura saƙo ta intanet, sai wani ɗan ƙaramin inji da ke cikin naki ya motsa. Ashe injin ne ya taɓa ki, hannun mijinki yana can Jidda.

Shafar da Allah ya ambata a Suratul Ma'ida, aya ta 6, haɗuwar jiki da jiki ce. A mazhabar Malikiyya tana karya alwala idan an nufi jin daɗi ko aka same shi, ko da ta bayan tufa marar kauri. Nan kuwa babu jikin da ya haɗu da wani. Abin ya fi kusa da tunani ko kallo, kuma malamanmu sun ce jin daɗi ta waɗannan ba ya karya alwala sai in maziyyi, wato ɗan ruwan da ke fita yayin motsuwar sha'awa, ya fito. In ya fito, ki wanke, ki sake alwala. In bai fito ba, alwalarki tana nan daram.

Tsakaninki da maigidanki halal ne, har ina ganin alherinsa, don nisa yana sanyaya zukata. Sai dai ki cire shi in za ki ta da salla, kada ya motsa kina sujada ya ɗauke miki hankali. Wajen alwala ma ki sassauta shi, ruwa ya ratsa fata.

Ƙanwarki kuwa ta haƙura. Sa rana ba ɗaurin aure ba ne, har yanzu saurayin ajnabi ne a gare ta, wato ba mijinta ba ne, ba kuma muharraminta ba. Ba na kiran wannan shafa ta haƙiƙa, amma abin da zai kai mata motsin saurayi cikin dare tana kan shimfiɗa hanya ce zuwa sha'awa, kuma Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 32, kada a kusanci zina. Ki gaya mata da taushin harshe: ya saya ya ajiye cikin lefe.

Wallahu a'alam.