Amsa kan kalmar "charge" da ma'anoninta

Malam, ka yi tambaya a kan dalilin da ya sa mai cajin waya a kasuwar Taminus ta Jos da ɗan sanda da ma'aikacin banki duk suke amfani da kalmar "charge", alhali ayyukansu ba su da alaƙa da juna. Amsar tana cikin asalin kalmar. Turanci ya aro ta daga tsohon Faransanci, shi kuma ya gaje ta daga Latin, inda take nufin ɗora kaya a kan amalanke, kuma tushenta ɗaya da "car" da "cargo".

Idan ka riƙe ma'anar ɗora kaya, sauran za su zo maka da sauƙi. Yaron da ya jona wayarka a jikin allonsa mai soket barkatai, janareta na ruri a gefe, lodin wuta yake yi wa batir. Bankin da ya zare maka kuɗi bayan ka yi tiransifa ya ɗora maka nauyin biya ne. Wanda aka gurfanar a kotu kuwa laifi aka ɗora masa, kuma daga nan Hausa ta samu "caji ofis", wanda a ganina ya fi kowane aro zama daram a bakinmu. Haka kuma "in charge" shi ne wanda nauyin wuri yake wuyansa.

Ma'anar da ta fi nisa ita ce ta sojoji su auka wa abokan gaba a guje, kuma wannan Hausa ba ta ara ba, domin tana da "farmaki" da "sukuwa" tun zamanin mahaya dawakai.