Ƙaramar kwangilar gini: inda riba take zurarewa

Ɗan'uwa, ka ce kana da magina biyu da leburori, kana karɓar ƙananan ayyuka a unguwannin Mabera da Arkilla cikin Sakkwato, amma aiki na ƙarewa ba ka ganin riba. Galibi matsalar tana wurin ƙiyasi. Kada ka dunƙule kuɗin kaya da kuɗin hannu wuri ɗaya. Siminti, ko da na kamfanin BUA ne daga masana'antarsa ta Kalambaina nan kusa, farashinsa na iya tashi kafin ka kai linta, sai ribarka ta tafi a buhu. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaida: kaya mai gida ya saya, ko ya biya farashin ranar. Kuɗinka kuma ka karɓa mataki-mataki, tushe, linta, rufi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne ruwa. Zafin Sakkwato a Maris da Afrilu yana busar da filasta tun ba ta kama ba. Sa kuɗin tanka cikin lissafi, a jiƙa bango safe da yamma har kwana bakwai, in ba haka ba ya tsage a ce aikinka ne.

Yaranka kuwa, biya su kan lokaci, su ne jarinka. Kafin ka nemi aikin makarantu da ƙungiyoyi, yi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ka ware asusun banki daban da na cefanen gida.