Amsar Yaya kan tafiyar Hajiya a jirgi cikin damina

(Muryar da Yaya ya turo zauren gida ce aka rubuta, saboda waɗanda ba su samu saurara ba.)

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Auta, na ji saƙonki. Kin ce tunda ruwa ya sauka, ko dai Hajiya ta haƙura da jirgi ta bi mota zuwa Legas, don kin ji ana cewa hadari ne ke kayar da jirage. Na kuma ga bidiyon da Kawu ya turo, na fasinjojin da suke ta yi wa ma'aikata ihu saboda an ɗage tashinsu. Zan haɗa su in amsa, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Da farko dai, da wuya ruwan sama shi kaɗai ya kayar da jirgi. Kafin a yarda da kowane inji sai an gwada shi da ruwa da ƙanƙara. Aradu ma, kusan kowane jirgin fasinja takan faɗa masa kamar sau ɗaya a shekara, wutar ta bi ta jikin ƙarfen ta fice, na ciki su ga haske su ji ƙara, shi ke nan. A hancin jirgi kuma akwai rada mai nuna wa matuƙi gajimaren da ke gabansa, kore, rawaya, ja. In ya ga ja sai ya nemi izinin masu kula da zirga-zirga ya kewaye. Ba a kutsawa cikinsa.

Inda abin tsoron yake shi ne kusa da ƙasa, wajen tashi da wajen sauka, kuma a nan mafi yawan munanan hatsarurruka ke faruwa. Ku tuna jirgin ADC da ya faɗi a Abuja ranar Lahadi 29 ga Oktoba, 2006, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Sallah, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a ciki tare da ɗansa Sanata Badamasi. Sakkwato za su. Mutum 105 ne a ciki, 96 suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Jirgin bai yi nisa ba, a gonakin Tungar Madaki ya faɗo, nan gefen filin.

Me ya faru? Hadari ya haɗo, iska tana ta ƙaruwa, kuma hasumiyar masu kula da zirga-zirgar jirage ta sanar da matuƙan. Akwai wani jirgin a filin a daidai lokacin, matuƙinsa ya ce shi zai jira ta lafa. Su kuma suka tashi. To irin wannan gajimaren yakan sako iska daga sama da ƙarfi, ta daki ƙasa ta watsu ko'ina, kamar ki juye bokitin ruwa a kan siminti. Jirgin da ya shigo cikinta, da farko iskar ta gaba za ta tare shi, ya ji kamar an ɗaga shi. Daƙiƙu kaɗan sai ta danno shi ƙasa, sannan ta koma ta bayansa. Shi kuwa jirgi, iskar da ke bi ta kan fuka-fukansa daga gaba ita ke riƙe da shi. Da ta juya sai ƙarfin ya zube, ga shi kuma bai yi saman da zai samu sararin gyarawa ba. Masu bincike sun ce matuƙin ya ɗaga hancin jirgin fiye da kima yana ƙoƙarin tsira, injinan suka kasa shaƙar iska yadda ya kamata, jirgin ya rikito. Kun ga ke nan iskar tana da nata kason, amma shawarar tashi a wannan lokaci ita ce ta kai su cikinta. Wanda ya jira, fasinjojinsa sun kwana a gidajensu.

Shi ya sa, Kawu, Allah Ya ƙara maka lafiya, bidiyon nan ya ɓata min rai. Na san zafin jira, na san mutum yana da ɗaurin aure ko ganin likita, kuma gaskiya ne wani lokaci kamfani kan fake da yanayi alhali matsalarsa ce ta daban. Wannan a bi haƙƙi a hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, akwai teburinsu na karɓar ƙorafi a filayen jirgi. Amma idan ka leƙa waje ka ga gabas ta yi baƙi ƙirin, bishiyoyi suna rangaji, sannan ka tsaya kana zagin yarinyar da ke kan kanta wai sai an tashi, wallahi ba ka san abin da kake roƙo ba. Matuƙi mutum ne. Kamfani na lissafin asara, manya na zaune a gaba suna duba agogo, ku kuma kuna ihu a baya. Duk wannan nauyi a kansa yake sauka.

Wajen sauka ma haka ne. Akwai wani tsayi da aka ƙayyade, idan jirgi ya sauko ya kai nan matuƙi bai hangi titin sauka ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya koma sama, ya sake gwadawa ko ya tafi wani filin. Jirgin Sosoliso da ya taso daga Abuja zuwa Fatakwal ranar 10 ga Disamba, 2005, sun wuce wannan tsayin cikin ruwa da iska ba su ga titi ba, suka ci gaba da saukowa. Da suka yanke shawarar komawa sama lokaci ya riga ya ƙure. Mutum 108 cikin 110 suka rasu, kusan 60 yara ne 'yan makarantar Loyola ta Abuja da za su gida hutu, iyayensu na tsaye a filin suna jiran su. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. To Auta, ki faɗa wa Hajiya, in ta ji jirgi ya kusa taɓa ƙasa sai kuma ya yi ruri ya sake yin sama, kada hankalinta ya tashi. Matuƙin ya yi abin da aka koya masa ne.

Mu nan Arewa har da hazo. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin alhazai daga Jidda da ya kamata ya sauka Legas aka karkato shi Kano saboda rashin kyawun yanayi can, ya yi hatsari wajen sauka, mutum 176 suka rasu. Dattawanmu ba su manta ba. Don haka in aka soke tashi zuwa Kano ko Maiduguri ko Yola lokacin hunturu, ba wulaƙanci ba ne, ba a ganin titin ne.

Can sama kuma, inda jirgi ya daidaita, abokin gaba shi ne ƙanƙara, ko da a ƙasa ana zafin da ke narka mutum. Jirgin Air Algérie da ya taso daga Wagadugu zai je Aljeriya ranar 24 ga Yuli, 2014, ya kauce wa hadari yadda ya dace, amma ƙanƙara ta toshe na'urar da ke auna ƙarfin inji, matuƙan kuma ba su kunna abin narkar da ita ba. Na'urar ta riƙa ba da lissafin ƙarya, gudu yana raguwa ba su lura ba, ya faɗi kusa da Gossi a Mali da mutum 116. Na Air France da ya faɗa tekun Atlantika a 2009 tsakanin Brazil da Faransa, da mutum 228, shi ma ƙanƙara ce ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci kaɗan. Injinan lafiyarsu ƙalau har ya taɓa ruwa. Ruɗewar matuƙan ce ta ƙarasa shi.

Sannan da yawa babu ruwansu da hadari sam. Na Gwammaja a Kano, 4 ga Mayu, 2002, tsakar rana ce ana ƙwalla zafi, jirgin EAS ya cinye titin bai gama tashi ba, injinan suka shaƙi ƙura, ya faɗa kan gidajen mutane, sama da mutum 100 suka rasu. Na alhazan da ya taso daga Jidda zuwa Sakkwato a Yulin 1991, tayoyi ne ba su da isasshiyar iska, suka fashe, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu. Na Dana a Legas a 2012, gari garau, injina biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma da na farkon ya fara ba da matsala ba su nemi fili mafi kusa sun sauka ba. In kun lura, da wuya a ce abu ɗaya ne. Ƙaramar matsala ce ke haɗuwa da sakacin gyara, ko gajiya, ko gaggawa, har su taru su fi ƙarfin mutum.

Amma kada wannan lissafin ya sa ku ɗauka kullum haka ake. Kowane ɗaya daga cikinsu an bincika, an canza wani abu. Jiragen yanzu suna da na'urar da ke yi wa matuƙi gargaɗi da murya in irin iskar nan ta Abuja tana gabansa, ana kuma horar da su a kan ta a ɗakin gwaji, kuma kafin kowane tashi sai sun karɓi bayanin yanayi daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet. Hanyar Kano zuwa Legas kuwa kusan kilomita 1,000 ce, ga ramuka, ga manyan motoci, ga ruwa, ga tafiyar dare, ga kuma ciwon ƙafar Hajiya. A jirgi awa ɗaya da rabi ce. Ni dai ban yarda ta bi mota ba.

Abin da za a yi, a yanka mata tikitin safe, don a damina hadari ya fi haɗowa daga la'asar zuwa dare. Ta bar bel ɗinta a ɗaure ko an kashe alamar, saboda gargada, wato jijjigar da iska ke yi wa jirgi a sama. Da wuya gargada ta karya jirgi, amma tana wurgi da wanda bai ɗaure ba. A Mayun 2024 jirgin Singapore Airlines daga Landan ya shiga irinta, mutum ɗaya ya rasu, da dama suka ji rauni, wasu kansu ya bugi rufin jirgin. Maganinta na hawan jini ya kasance a jakar hannu, kada a sa shi cikin akwati. A kuma ba ta ɗan kuɗi da abin taɓawa, in an ɗage tashi ta zauna ta ja carbinta, kada kowa ya kira ta yana tayar mata da hankali.

Auta, ki duba na safiyar Talata ko Laraba, in kin samu ki faɗa min kuɗin in turo. Kawu, a gaida mutan gida. Allah Ya kai ta lafiya Ya dawo da ita lafiya. Sai anjima.